Nocky Djedanoum: Ɗan Jaridar da Ya Ja Marubuta Zuwa Kigali

A jami'o'inmu, manazarcin adabi shi ne mai jiran littafi ya fito, sannan ya baje shi a faifai ya duba jigo da salo da zubi da tsari. Rayuwar Nocky Djedanoum, ɗan jarida kuma marubuci ɗan ƙasar Chadi, ta nuna akwai nazarin da ke rigan littafi zuwa duniya: na mutumin da ya lura da abin da marubutan zamaninsa suka yi gum a kansa, ya ce musu wannan shirun abin kunya ne, ya kuma nemo kuɗin jirgi ya kai su wurin. A ganina wannan ne babban aikinsa, ko da yake dabarar ta fi cin nasara a Ruwanda fiye da a N'Djamena.

An haife shi a 1959, shekara guda kafin Chadi ta sami 'yancin kai. Yana dab da shekara ashirin yaƙi ya ɓarke a N'Djamena ranar 12 ga Fabrairu 1979, tsakanin dakarun firaminista Hissène Habré da sojojin Shugaba Félix Malloum, 'yan kudu da dama suka tsere daga birnin. Daga baya ya yi karatun jarida a Lille da ke arewacin Faransa. A can ne, a 1992, shi da Maïmouna Coulibaly, 'yar jarida daga Kwaddibuwa, suka kafa Fest'Africa, bikin adabi da fasahar Afirka.

Abin da ya sauya alƙiblar bikin daga Nijeriya ya fito. A Nuwamba 1995, ana tsakiyar taro, labari ya iso cewa gwamnatin Abacha ta rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas a Fatakwal. Marubutan suka yi Allah wadai kamar yadda aka saba, amma tambaya ta tsaya musu a maƙogwaro: me takardar Allah wadai ta taɓa hanawa? Shekara guda kafin nan an kashe mutum wajen 800,000 a Ruwanda, mafi yawansu 'yan Tutsi, cikin kwana ɗari, kuma manyan alƙaluman Afirka kusan ba su ce uffan ba.

Amsar Djedanoum irin ta ɗan jarida ce: gani ya kori ji. A 1998 ya shirya wa marubuta zaman wata biyu a Kigali, cikinsu har da Boubacar Boris Diop na Senegal, Tierno Monénembo na Gini, Véronique Tadjo ta Kwaddibuwa, Abdourahman Waberi na Jibuti, Monique Ilboudo ta Burkina Faso da Koulsy Lamko na Chadi. Sun shiga cocin Nyamata. Sun je makarantar koyon sana'a ta Murambi, inda aka jera gawarwaki cikin azuzuwa, an barbaɗe su da farar ƙasa don kada su ruɓe. Wasu daga waɗanda suka tsira sun roƙe su kada su mayar da abin ƙagaggen labari, su faɗi abin da suka gani kurum. Nan muhawarar take, don roƙon na nufin a yi aikin jarida, a ajiye adabi. Yawancinsu ba su bi roƙon sau da ƙafa ba, kuma ina ganin sun yi daidai: rahoto yana ba da adadi, amma littafin Diop, Murambi, yana sa mai karatu zama cikin kan makashi, abin da rahoto ba ya iyawa. Littattafan sun fito a 2000, har da waƙoƙin Djedanoum, Nyamirambo, mai sunan wata unguwa a Kigali.

An soki shirin da cewa yawon kallon gawa ne, da kuɗin wata gidauniyar Faransa kuwa, ƙasar da ake tuhuma da mara wa gwamnatin makasan baya. Sukar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai Diop ya dawo ya zama ɗaya daga masu caccakar manufofin Faransa a Afirka, alamar kuɗin bai sayi bakin kowa ba.

A 2003 Djedanoum ya kai bikin N'Djamena, tare da babban taron marubutan Afirka da na ƙetare, wanda aka yi da tunawa da tarukan Faris na 1956 da Rum na 1959. A shekarar ce kuma cibiyar Al-Mouna ta buga nazarin Ahmad Taboye kan adabin Chadi. Amma taro ba ya haifar da masu karatu. Fitattun marubutan ƙasar, irin su Nimrod da Lamko, a waje suke zaune, da Faransanci suke rubutu, yawanci a waje ake buga su, alhali a kasuwar N'Djamena Larabcin Chadi ake yi. Mai karatun Hausa zai gane bambancin nan take. Lokacin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan soyayya sunan adabin kasuwar Kano, aka shiga kai ruwa rana da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a shafin adabin da Ibrahim Sheme ke kula da shi, ana jayayya ne kan littattafan da matan aure ke haya suna karantawa a tsakar gida. Masu karatu sun riga manazarta isowa. Djedanoum kuwa ya kawo manazarta birnin da littafin bai kai ga hannun talaka ba.

Shi ya sa ta'asar Chadi kanta, wadda kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta ta ci mutum 40,000 a mulkin Habré, ta fi samun murya ta wata hanya. Mai shirya fim Mahamat-Saleh Haroun ne ya bi tsoffin fursunonin 'yan sandan ciki na Habré da kyamara, suna ba da labari da bakinsu, aka nuna fim ɗin a Cannes a Mayu 2016. A ƙarshen watan kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai.