Daga haruffa biyu zuwa katin memuwar: tarihin telesharje

Dukanmu mun san wannan takaicin: muna telesharje wa'azi ko fim, ya kai kashi 90, sai rezo ya ɗauke, mega kuma ta tafi. To, wannan ciwo ya girmi yawancinmu.

Ran 29 ga Oktoba 1969, a Amurka, aka fara aika saƙo tsakanin kwamfutoci biyu na ARPANET, kakar intanet, daga jami'ar Los Angeles zuwa wata cibiyar bincike kusa da San Francisco. Kalmar LOGIN aka so rubutawa. L da O kawai suka isa, na'urar ta tsaya cik. Kun ga tun ranar farko da katsewa aka fara.

Dabarar da ta sa abin ya ɗore ta fito daga Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila: kada a aika fayil dunƙule, a yayyanka shi ƙanana. Kamar mai kai gero daga Maraɗi zuwa Yamai a buhu-buhu, kowane buhu da lambarsa, ko da motoci daban suka ɗauka. Kowane yanki bai cika wuce bayit 1500 ba, ke nan waƙa mai mega 3 yanki wajen 2000 ce. Wayarmu na karɓa tana jerawa, wanda ya ɓace a hanya a sake turo shi. A 1971 aka fito da FTP, ƙa'idar tura fayil, a 1983 kuma ARPANET ta koma kan TCP/IP, wadda muke kai har yau.

Mu a nan, da intanet ta yi mana tsada, hanyarmu muka samo. Mutum ɗaya ya sauko da abu, sauran su karɓa ta Bluetooth, ko a kai katin memuwar wurin mai turi a kasuwa. Haka waƙoƙin Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da ya ɗauka a Sakkwato a 2008, suka zagaya Sahel daga waya zuwa waya, har ɗaya ta shiga faifan Music from Saharan Cellphones.

Amma asalin fayil ɗin daga nesa yake zuwa. Nijar ba ta da teku, sai ta bi ta maƙwabta kafin ta kai ga wayoyin ƙarƙashin ruwa. Da huɗu daga cikinsu suka lalace a Maris 2024, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun ji a jikinsu.

Saboda haka in telesharje ya tsaya, kada mu yi saurin gogewa. Sau da yawa buhunan da suka iso suna nan cikin waya. Mu jira rezo, mu danna ci gaba, kada mu biya kuɗin mota sau biyu.

Ku faɗa mana, wa ya fara tura muku waƙa ta Bluetooth?