Gida Ɗaya, Harshe Daban-daban: Tarihin Kwamfutocin da Ba Sa Ganin Juna

Akwai wani ƙorafi da masu gyaran kwamfuta suka shafe shekara ashirin suna ji, kuma har yau bai sauya kama ba. Kwamfutoci biyu ne a gida ɗaya, suna haɗe da rauta ɗaya, kowacce tana shiga intanet lafiya lau, amma ɗaya ba ta ganin 'yar'uwarta. Tsohuwar ta kan tebur ita ke riƙe da hotunan iyali, da takardun fili, da kundin digirin maigida. Sabuwar ta tafi-da-gidanka kuwa, ko sunan tsohuwar ba ta nunawa. Maigida kan zargi kebul, ko ya zargi mai gyara. Galibi babu abin da ya lalace. Kowace na'ura tana magana ne da harshen shekarar da aka ƙera ta, kuma waɗannan harsuna suna da tarihin da ya taso daga ofisoshin IBM a Amurka, ya ratsa kotun Turai, ya iso har arewa maso yammacin Jigawa.

Yadda zamani uku suka haɗu a Kazaure

Kazaure na cikin garuruwan Arewa da suka fara sanin kwamfuta da wuri. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma kwalejin kimiyya da fasaha da ke garin, wadda ke ɗauke da sunan Sarki Hussaini Adamu, ta fara ne a matsayin ta jiha kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ɗan asalin garin, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa da aka fi sani da Informatics, da haɗin gwiwar wani kamfanin ilimi na Singafo. Wannan ya zo daidai da abubuwa biyu: fara aikin wayar salula a Nijeriya a watan Agusta na 2001, da fitowar Windows XP a watan Oktoban shekarar. Ɗaliban farko da suka koyi haɗa kwamfutoci a Kazaure, a kan XP da 'yan'uwanta na lokacin suka koya.

Daga nan buƙata ta yi ta ƙaruwa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, don haka yaron Roni ko Gwiwa da ke son shiga jami'a sai ya san linzami da allon bugu. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Amma na'urorin da ke shiga gidaje ba sababbi ba ne dukansu. Da yawa na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, suka biyo ta Legas da kasuwannin Kano. Kuma a ƙasar Hausa ba a jefar da na'ura matuƙar tana kunnuwa: daga uba ta koma hannun ɗa, daga ofis ta koma shagon buga takardu. Sakamakon haka, a rufin gida ɗaya ana iya samun Windows XP, da Windows 7, da Windows 11. Kamfanin da ya yi su ya tsara ne a kan kowacce za ta gaji wadda ta gabace ta, amma a nan sai suka zama abokan zama.

Harshen da aka gada daga 1983

Ƙa'idar da kwamfutocin Windows ke bi wajen miƙa wa juna fayil ana kiranta SMB. Wani injiniyan IBM mai suna Barry Feigenbaum ne ya tsara ta a 1983, domin kwamfuta ta iya buɗe fayil da ke kan wata kamar a kanta yake. Microsoft ya ɗauka ya faɗaɗa, kuma da fitowar Windows for Workgroups a 1992 ƙananan ofisoshi suka samu damar raba fayil da firinta ba tare da babbar na'ura a tsakiya ba.

An gina wannan harshe ne don ofis ɗaya, inda kowa ya san kowa. Babu wanda ya yi tunanin ɓarawo zai shigo ta cikin waya. Kwamfutocin kan yi shela a kan layi, kowacce tana faɗin sunanta, sannan su zaɓi ɗaya daga cikinsu ta riƙe jerin sunayen, kamar mai unguwa. Idan aka kashe wadda aka zaɓa, jerin yakan ɓace na ɗan lokaci har sai an sake zaɓe. Akwai kuma sunan rukuni: XP na gida kan sa kansa a rukunin MSHOME, alhali Vista da Windows 7 suna zuwa da WORKGROUP. Wannan bambancin kalma ɗaya ya ci wa mutane awoyi masu yawa.

Matsalar ta fi tsanani ga wanda ba Windows yake amfani da ita ba, domin Microsoft bai bayyana dukkan sirrin harshen ba. A ƙarshen 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya, Andrew Tridgell, ya zauna yana sauraren saƙonnin da ke wucewa tsakanin na'urori, yana fassara su ɗaya bayan ɗaya, har ya rubuta manhajar da daga baya aka sa wa suna Samba. Da ita ne kwamfutocin Linux da dangoginsu suka iya shiga hirar. Rigimar ta kai ga hukuma. A watan Maris na 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Microsoft yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya bayyana ƙa'idojin ga abokan hamayya. Kotu ta tabbatar da hukuncin a Satumban 2007, kuma a Disambar shekarar masu Samba suka samu takardun.

Sabon harshe, da ranar da aka rufe tsohuwar ƙofa

Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a Janairun 2007, ta zo da SMB2. An rage umarnin da ke cikin harshen daga sama da ɗari zuwa 19, aiki ya ƙara sauri. Vista ta kuma kawo wata sabuwar tambaya: wannan layin na gida ne ko na bainar jama'a? Idan aka amsa cewa na jama'a ne, kwamfutar takan ɓoye kanta daga kowa. Windows 7 ta 2009 ta kawo HomeGroup, hanya mai sauƙi da kalmar sirri guda, sai dai XP da Vista ba su iya shiga ba. Windows 8 ta 2012 ta kawo SMB3, mai iya kulle saƙo a kan hanya. Duk tsawon wannan lokaci sababbin na'urori sun ci gaba da jin tsohon harshe, don haka idan suka haɗu da XP sai su sauko su yi magana da ita.

Abin da ya fito da haɗarin wannan zumunci fili ya faru ne ranar 12 ga Mayu, 2017. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. Ta bi ta wata ɓaraka da ke cikin SMB na farko, wadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta gano ta ajiye, har wasu masu kutse suka sace makamin suka watsa a watan Afrilu. Microsoft ya riga ya fitar da gyara tun Maris, amma na'urori da yawa ba su karɓa ba. Cikin 'yan kwanaki abin ya shafi kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kusan 19,000. Abin ya kai Microsoft ya fitar da gyara ga XP, wadda ya daina kula da ita tun 8 ga Afrilu, 2014.

Daga ƙarshen 2017 sababbin fitowar Windows 10 suka fara janye SMB na farko, a Afrilun 2018 kuma aka cire HomeGroup. XP ba ta jin wani harshe sai wancan na farko. Tsohon tsarin mai unguwa mai riƙe da jerin sunaye shi ma a kansa ya dogara. Ke nan tsohuwar kwamfutar da ta ɓace daga allo a wani gida a Kazaure, hukuncin da aka aiwatar bayan abin da ya samu asibitocin Ingila ne ya ɓatar da ita.

Filashi da haruffa masu lanƙwasa

Da layi ya ƙi, mutane suka koma ga hannu. Faifan filofi mai ɗaukar megabait 1.44 ya ba wa faifan CD wuri, shi kuma ya ba wa filashi. Amma filashi ma yana da nasa tarihin. Tsarin FAT32, wanda ya fito a 1996, kowace na'ura na karanta shi, sai dai ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Shi ya sa bidiyon biki kan ƙi shiga filashin da babu komai a cikinsa. Tsarin NTFS na Windows, kwamfutar Apple tana karantawa amma ba ta rubutu a kai. Tsarin exFAT na 2006 ne ya sasanta su. Filashin da ke yawo daga shago zuwa shago kuma ya zama jakadan cuta, domin XP kan kunna abin da ke cikinsa da zarar an soka, har sai da Microsoft ya toshe wannan ɗabi'a a 2011. Office 2007 ya ƙara nasa: ya sauya tsarin ajiye takarda, sai ɗalibi ya kai aikinsa shagon da ke da tsohon Word a ce ba ya buɗuwa.

Mai rubutun Hausa yana da ƙarin nauyi. Ma'aunin ASCII na 1963 gurbi 128 kawai ya tanada, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zanen haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba marubuta da maɗaba'o'i damar buga Hausa daidai. Raunin duk irin wannan dabara ta wancan zamani shi ne, harafin yana zaune ne a gurbin wata alama. Idan aka kai takardar kwamfutar da ba ta da zanen, sai ƙasa ta rasa lanƙwasarta, wata baƙuwar alama ta fito a wurin. Ma'aunin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafin Hausa lambarsa ta dindindin, amma an ɗauki shekaru kafin manhajoji da allunan bugu su kama. Duk rubutun Hausa da aka ajiye da tsohuwar hanya yana buƙatar a juya shi zuwa Unicode tun akwai wanda ya san da wane zane aka buga shi.

Abin da tarihin ke koya wa mai gyara

Wanda ya san wannan tarihi zai bi matsalar daki-daki. Da farko ya tabbatar na'urorin biyu suna layi ɗaya, wato lambobin adireshinsu sun fara iri ɗaya, misali 192.168.1. Sannan ya duba ko sabuwar ta ɗauki layin gidan a matsayin na bainar jama'a, ya mayar da shi na gida, ya kunna damar gano na'urori da raba fayil. Idan har yanzu sunan ɗayar bai fito ba, ya rubuta adireshinta kai tsaye a mashigar fayiloli, bayan karkatattun sanduna biyu. Sau da yawa ƙofar a buɗe take, jerin sunaye ne kawai ya mutu. Idan aka nemi kalmar sirri, ta asusun da ke kan na'urar da ake son shiga ake nufi, kuma sababbin Windows suna ƙara ƙin baƙon da ya zo babu suna babu kalma. Izini kuma hawa biyu ne, na rabawa da na foldar kanta, kuma wanda ya fi tsauri shi ke aiki.

Tsakanin Windows 7 da 10 da 11 wannan ya isa, domin duk suna jin SMB2. Idan XP ce a ɗaya ɓangaren, za a samu mai ba da shawarar a sake kunna SMB na farko a sabuwar na'ura. Zai yi aiki, amma gudun gara ne a faɗa gidan zago: harshen da WannaCry ta bi ta cikinsa ne aka dawo da shi, a kan na'urar da ake shiga banki da ita. Abin da ya fi shi ne a kwashe kayan sau ɗaya, da filashi mai tsabta ko ta hanyar ciro rumbun ajiyar a haɗa shi da sabuwar, sannan a raba tsohuwar da intanet.

Maganar ba ta tsaya a kan XP ba. Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa ba, sharaɗin da kwamfutocin hannu masu yawa ba su cika ba. Waɗannan na'urori za su ci gaba da aiki a makarantu da shaguna da gidajen Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa shekaru masu zuwa, tazarar da ke tsakaninsu da sababbi kuma tana ƙara faɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar fili, da sakamakon ɗalibai, da hoton mahaifin da ya rasu, in dai a rumbu ɗaya kawai suke, ya kamata a yi musu kwafi biyu a wurare biyu, a tsarin da kowace na'ura ke buɗewa kamar PDF da JPEG, tun tsohuwar kwamfutar tana amsa kira.