Tarihin Kallon Aikin Kinas a Ƙwayar Halitta Ɗai-ɗai

Kinas wani rukunin furotin ne a cikin ƙwayar halitta, aikinsa ɗora fosfet a kan wani furotin domin ya tayar da shi ko ya kwantar da shi. Idan saƙo ya zo daga waje, kamar sinadarin girma ko na kumburi, yana sauka ne a kan makarɓi da ke bangon ƙwayar, daga nan kinas ɗaya ya tayar da na gaba har saƙon ya isa cibiya inda DNA yake. A 2002 masana suka ƙirga kinas 518 a jikin ɗan Adam. Fannin da ake magana a nan ya taso ne daga tambaya ɗaya: idan ƙwayoyi iri ɗaya suka karɓi saƙo ɗaya, amsa ɗaya suke bayarwa?

Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka aza harsashin a Jami'ar Washington da ke Seattle a tsakiyar shekarun 1950, lokacin da suka nuna cewa fosfet ne ke kunna sinadarin da ke fasa sukarin da tsoka ta ajiye. Sun sami lambar Nobel a 1992. Stanley Cohen ya ware sinadarin girma na EGF a 1962, Tony Hunter kuma ya gano kinas mai ɗora fosfet a kan tairosin a 1979. Duk waɗannan ayyuka hanya ɗaya suka bi: a tara ƙwayoyi dubbai ko miliyoyi, a markaɗe su, a auna abin da ya fito. Hanya ce mai albarka, amma matsakaici kawai take bayarwa. Kwale-kwale goma su iso gaɓar Yauri, biyar maƙil da kifi biyar fayau, mai lissafi a takarda ya rubuta cewa kowane ya kawo rabi, alhali babu ko ɗaya da ya kawo rabin.

Wanda ya fito da wannan aibi fili a fannin kinas shi ne James Ferrell na Jami'ar Stanford, tare da Eric Machleder, a 1998. Sun yi aiki da ƙwan kwaɗon Afirka mai suna Xenopus laevis, wanda faɗinsa ya ɗara milimita ɗaya, don haka ana iya ɗaukarsa da guda-guda a auna. Suka zuba wa ƙwayayen sinadarin furojestaron kaɗan-kaɗan. Da aka haɗa su wuri ɗaya aka auna, sai aka ga kinas ɗin MAPK yana hawa a hankali gwargwadon yawan sinadarin. Da aka auna kowane ƙwai shi kaɗai, labari ya sha bamban: ko dai kinas ɗin ya kunnu gaba ɗaya, ko bai motsa ba sam. Abin da ke ƙaruwa shi ne adadin ƙwayayen da suka tsallaka. Dalili kuwa, MAPK yana komawa baya ya ƙara yawan Mos, furotin ɗin da ya tayar da shi tun farko, don haka da zarar an haura wata iyaka ba komawa. 

Sai dai har a lokacin, kafin a auna ƙwai sai an fasa shi. Kallon ƙwaya tana raye ya jira zuwan furotin mai haske. Osamu Shimomura ya ware GFP, furotin mai walƙiyar kore, daga wata halittar teku mai suna Aequorea victoria a 1962. Shekara talatin abin yana ajiye. Douglas Prasher ya fitar da umarnin gadonsa a 1992, Martin Chalfie ya sa shi ya haska a cikin tsutsa a 1994, Roger Tsien kuma ya sarrafa shi zuwa launuka daban-daban. Shimomura da Chalfie da Tsien suka raba Nobel a 2008. Prasher, wanda ya miƙa wa biyu daga cikinsu umarnin gadon, a lokacin yana tuƙa motar jigilar abokan ciniki ta wani kamfanin sayar da motoci a Alabama. Ba a ba mutum huɗu lambar, kuma wannan doka ta yi masa rashin adalci.

Dabarar da ta mayar da haske ma'auni ta dogara da abin da Theodor Förster ya bayyana a shekarun 1940: idan launuka biyu suka matso kusa, ƙasa da nanomita 10, ɗaya yakan miƙa wa ɗayan ƙarfinsa. A 2001 Jin Zhang, a ɗakin binciken Tsien, ta haɗa furotin shuɗi da rawaya, ta sa musu tarko a tsakiya. Da kinas ɗin PKA ya ɗora fosfet a kan tarkon, sai furotin ɗin ya lanƙwashe, launukan su haɗu, rawaya ta ƙara haske. A wannan shekara ɗakin Michiyuki Matsuda a Japan ya fitar da irinsa na Ras, wani furotin da ke isar da saƙon girma. Na kinas ɗin ERK (ɗan rukunin MAPK), wanda ake kira EKAR, ya zo a 2008, aka inganta shi a Kyoto a 2011. A 2014 Sergi Regot da Markus Covert suka kawo hanya mafi sauƙi: furotin mai launi ɗaya da ke fita daga cibiya idan an ɗora masa fosfet, ya koma idan an cire. Tunda launi ɗaya yake ci, ana iya bin kinas uku a ƙwaya guda a lokaci ɗaya.

Abin da aka gani a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya girgiza tsohon zato. A 2013 John Albeck da Joan Brugge a Harvard suka sa ido kan ƙwayoyin nono da ake rainonsu a faranti, ana ɗaukar hotonsu bayan kowane 'yan mintuna tsawon awanni. Da ƙaramin EGF, irin wanda jiki ke da shi, ERK ba ya zama a kunne. Yana kamawa ya mutu, ya sake kamawa, kuma kowace ƙwaya da lokacinta. Wannan ta haska, maƙwabciyarta shiru. Ƙara EGF yana sa bugun ya yawaita ya kuma daɗe. Kazuhiro Aoki da Matsuda sun ga haka a shekarar, har ma bugu yana tsallakawa daga ƙwaya zuwa ta kusa da ita.

Daga ina bambancin yake? Ba lallai daga gado ba. A 2009 Sabrina Spencer da Peter Sorger suka zuba wa ƙwayoyin daji sinadarin TRAIL mai umartarsu su mutu. Wasu suka mutu da wuri, wasu bayan awanni, wasu suka tsira. Ƙwayoyi biyu da suka rabu daga uwa ɗaya ba da jimawa ba sukan mutu kusan tare, amma kamannin yana gushewa da tafiyar lokaci, domin yawan furotin a cikinsu yana sauyawa. Matakin da ƙwaya take a zagayen rabuwarta da cunkoson maƙwabta su ma suna taka rawa.

A nan likitanci ya shigo. Imatinib, maganin wani nau'in sankarar jini da aka amince da shi a 2001, kinas yake toshewa, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife ya daɗe yana raba shi ga marasa lafiya daga sassan Nijeriya. Amma a cututtuka irin su sankarar fata, magungunan wannan rukuni sukan kashe mafi yawan ƙwayoyi su bar 'yan tsiraru, cutar ta dawo. A 2017 Sydney Shaffer da Arjun Raj suka nuna cewa 'yan tsirarun suna cikin wani yanayi na wucin gadi tun kafin a ba da maganin, ba tare da DNA ɗinsu ya sauya ba.

Daga baya aka bar faranti aka koma jikin dabba mai rai. A 2015 aka ga ERK yana bazuwa da'ira-da'ira a fatar ɓera. A 2021 Alessandro De Simone da Kenneth Poss da Stefano Di Talia na Jami'ar Duke suka cire ɓawon wani ɗan kifi mai zane da ake kiwo a ɗakunan bincike, suka bi yadda sabo yake tsirowa. Igiyoyin ERK suna tashi daga wuri ɗaya suna faɗaɗa zuwa gefe, ƙwayoyin ƙashi suna girma a duk inda igiyar ta bi, kuma da suka rage aikin ERK da magani, girman ɓawon ya ja baya.