Aikin Kunne, Hanci da Maƙogwaro: Yadda Ya Kafu a Sakkwato

Kafin a sami likita na musamman a kan kunne, hanci da maƙogwaro a ƙasar Sakkwato, wanzami ne ke riƙe da fannin. Shi ke cire wa jariri beli, shi ke yanke hakin wuya, wurinsa ake kai yaron da ya cusa ƙwayar wake a hanci. In abin ya fi ƙarfinsa, sai a garzaya babban asibiti, inda likita guda zai yi fiɗar ciki da safe, ya karɓi haihuwa da rana, ya leƙa kunne da yamma. Duk wanda ya shigo wannan aiki a Arewa ya san daga nan muka faro.

A Najeriya, fannin ya fara tsayawa da ƙafarsa ne a Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957. A can ne Farfesa F. D. Martinson ya yi bayanin wata cuta mai kumbura hanci da fuska a 1963, bayanin da likitocin duniya suka karɓa. A zamanin, mai son ƙwarewa sai ya tafi Ingila. Kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979 ya faɗaɗa ƙofar samun horon a gida. A Arewa kuwa, a 1999 aka kafa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta shiga yaye likitoci da nas-nas na wannan fanni.

A Sakkwato, jami'ar da aka kafa a 1975, wadda aka sa wa sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ita ce ta kawo asibitin koyarwa da ke Gawon Nama. A nan sashenmu ya girma a hannun 'yan tsirarun likitoci. Cikin waɗanda suka daɗe suna ɗawainiya da shi akwai Farfesa Kufre Iseh, wanda tare da abokin aikinsa ya wallafa bincike a 2006 kan sankarar kai da wuya a Sakkwato. Majinyata kuma ba daga birni kaɗai suke zuwa ba. Ana kwaso su daga Kebbi da Zamfara, har daga Birnin Ƙonni a Nijar.

Zama likitan wannan fanni doguwar tafiya ce: shekara 6 a makarantar likitanci, shekara guda ta sanin makamar aiki, shekara guda ta bautar ƙasa, sannan shekara 5 zuwa 6 a ƙarƙashin manya, ga jarrabawa mai tsauri a kowane mataki. Magabatanmu da madubin goshi suka koya: a kunna fitila a gefen majinyaci, madubin ya tattara hasken ya jefa shi cikin kunne. Yau akwai siririyar kyamara da ake zurawa ta hanci a ga maƙogwaro a allo, da na'urar ƙara girma da ake ɗinke fatar dodon kunne a ƙarƙashinta. Kaya sun canja, amma haƙuri da natsuwar hannu suna nan yadda aka gada.

Wanda bai zauna ɗakin duba majinyata ba, ba zai san nauyin aikin ba. Uwa za ta shigo da ɗanta, hanci ɗaya na zubar da majina mai wari. Ka haska, ka ga ɗan ƙaramin batirin agogo ya maƙale, ya riga ya ƙone nama, wani lokaci har ya huda katangar da ta raba ƙofofin hancin. Ko a kawo dattijo da tsakar dare, muryarsa ta dishe tun bara, yanzu numfashi na fita da ƙara, jijiyoyin wuya sun tashi. Ba a jiran safiya. Sai a huda maƙogwaro a sa bututu, iska ta shiga, sannan a zauna a gaya wa 'ya'yansa cewa ƙari ne, kuma da sun zo da wuri da ba a kai ga haka ba. Haka jaririn da aka cire wa beli da ƙarfen da ba a dafa ba: ko jini ya ƙi tsayawa, ko cutar sarƙewar haƙora ta biyo baya.

Annoba ma ta bar mana nata aikin. Sanƙarau na 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, kuma da yawa cikin yaran da suka tsira sun tashi ba sa ji. Ga kuma cutar noma mai cinye leɓe da kumatu da hancin yaran da yunwa da ƙyanda suka raunana. Saboda ita aka buɗe Asibitin Noma na Sakkwato a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo da tallafi a 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023.

Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, mafi yawan fiɗar da muke yi gyaran jinkiri ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai kemis a Sabon Gari, wanzami a ƙauye, malamin asibitin unguwa, su ne ke fara ganin majinyaci, don haka dole mu zauna da su mu koya musu lokacin da ya kamata su turo shi. Ku kuma iyaye, kunnen da ke zubar da ruwa, muryar da ta dishe fiye da mako 3, yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi, ku kai su asibiti tun da wuri, kada ku tsaya ɗiga magani a gida.