Jinin Wa Ake Karɓa?

A 1983 cutar ƙanjamau na kashe mutane a Amurka, ga shi ba a kai ga samun gwajinta ba. Sai hukumomin lafiyar ƙasar suka nemi maza masu saduwa da maza su dakatar da ba da jini. A lokacin tsoron yana da hujja, domin ana kamuwa ta hanyar ƙarin jini. Gwaji ya fito a 1985, amma maimakon sassauci sai hanin ya zama na har abada. Shekara 30 aka yi a haka. A 2015 aka ce a ƙaurace wa saduwa wata 12 kafin a ba da jini, a 2020 aka rage zuwa wata 3. Birtaniya a 2021, Amurka a 2023, suka koma yi wa kowa tambaya iri ɗaya: ka yi sabon abokin kwanciya kwanan nan? Mutum nawa?

A ganina wannan ya fi adalci, ya kuma fi tsare majinyaci, domin ƙwayar cuta hali take bi, ba ta san sunan da aka laƙaba wa mutum ba.

Mu a nan labarin daban ne. An ba da rahoton ƙanjamau na farko a Najeriya a 1986. Da dokar shari'ar jiha da ta tarayya ta 2014 a kan maza masu saduwa da maza, babu wanda zai amsa irin wannan tambaya da gaskiya a Funtuwa ko Malumfashi. Kuma ba nan babban haɗarinmu yake ba. Da damina, idan zazzaɓin cizon sauro ya shanye jinin yaro, ko mai haihuwa ta zubar da jini, likita cewa yake "ku nemo jini". Sai a kira ƙane daga gona, da laka a ƙafarsa, ya miƙa hannu, yayansa na tsaye a bakin ƙofa. Ta yaya zai ce yana da abin ɓoyewa? In dangi sun gaza, a nemo mai sayarwa, shi kuwa ƙarya ce ke tsare masa kuɗinsa.

An kafa hukumar jini ta ƙasa da doka a 2021 don a samu masu bayarwa fisabilillahi. Abin da ya rage shi ne a yi wa kowa tambaya a keɓe, a kuma gwada kowace leda don ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere kafin a rataya ta a kan gadon mara lafiya.