Ikkilisiyar Katolika ta Damagaram da Maƙwabtanta

Ikkilisiyar Katolika ta Damagaram, wato Zinder a Jamhuriyar Nijar, ba ta taɓa yin yawan jama'a ba. Da dama daga masu zuwa sujada baƙi ne daga Benin da Togo. Shi ya sa aikinta na jinƙai ya fi amfanar maƙwabta Musulmi. Makarantar mishan cike take da 'ya'yansu, kuma a yunwar 2005 ƙungiyar Caritas ta raba hatsi a ƙasar ba tare da tambayar addinin kowa ba.

Ran 16 ga Janairu 2015 wannan zumunci ya sha gwaji mai tsanani. Wata jaridar Faransa, Charlie Hebdo, ta buga zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu, sai masu zanga-zanga suka ƙone majami'ar da makarantar, ko da yake Kiristan garin ba su da hannu a ciki. Kashegari wutar ta kai Yamai. Kirista suka fake a barikin soja. Amma kada mu manta, waɗansu Musulmi ne suka ɓoye waɗansunsu a gidajensu.

Bishop-bishop na ƙasar suka rufe makarantu da asibitocin mishan na ɗan lokaci, suka yi kira a yafe. Bayan haka aka sake buɗe su, 'ya'yan maƙwabta suka koma aji.