Ɗaukaka Ƙara Kan Diyyar Hatsarin Mota: Abin Da Dokar Najeriya Ta Tanada

Wanda ya samu rauni a hatsarin mota sakamakon sakacin wani direba yana da ikon neman diyya a kotu. Idan shi ko wanda ake ƙara bai gamsu da adadin da Babbar Kotu ta yanke ba, zai iya garzayawa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sai dai wannan kotu ba ta sake sauraron shari'ar daga tushe. Hujjojin da aka riga aka gabatar ne take dubawa.

Rabe-raben diyya

Diyyar kashi biyu ce. Ta farko ta shafi asarar da ake iya ƙididdigewa: kuɗin asibiti da magani, gyaran mota, da albashin da aka rasa lokacin jinya. Wajibi ne a zayyana kowanne a takardar ƙara, a kuma tabbatar da shi da hujja, kamar rasit. Ta biyu ta shafi raɗaɗi, wahala da naƙasa, kuma alƙali ne ke ƙiyasta ta gwargwadon munin raunin.

Lokacin da ake sauya adadi

Alƙalan ɗaukaka ƙara ba sa taɓa adadin don kawai da su ne da sun yanke wani dabam. Suna sa baki ne idan alƙalin farko ya bi gurguwar ƙa'idar doka, ko adadin ya yi yawa ko ƙaranci fiye da kima, ko an biya diyya sau biyu kan asara ɗaya. Haka nan ana iya rage diyya idan an tabbatar mai ƙara ma yana da nasa sakacin.

Kuɗin shari'a

Bisa al'ada, wanda ya sha kaye shi ke biyan kuɗin ɗawainiyar shari'a, kuma alƙali ne ke tantance adadin. Sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa ba a ɗaukaka ƙara kan wannan kuɗi kaɗai sai da izinin kotu.

Wa'adi

Sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da wata 3 daga ranar hukuncin ƙarshe, da kwana 14 kan hukuncin da aka yanke ana tsakiyar shari'a. Wanda ya makara sai ya nemi ƙarin lokaci tare da gamsasshen dalili. Ɗaukaka ƙara kuma ba ta hana aiwatar da hukunci, sai in kotu ta ba da umarnin dakatarwa.

Kasancewar ba a cika karɓar sabuwar hujja a matakin ɗaukaka ƙara ba, ya kamata wanda hatsari ya rutsa da shi ya adana rahoton likita, rahoton 'yan sanda da rasitai tun daga ranar farko, ya gabatar da su gaban alƙalin farko.